Barka da Sallah daga Abijan, ga akwati nan tafe

Assalamu alaikum, Baba da Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi layya, ya maimaita mana. A gaida Kawu da Gwaggo da duk mutanen gida.

Mu nan mun yi idi cikin yayyafi. Ragunan da ake sayarwa a kasuwar dabbobi ta Por-Buwe yawancinsu daga ƙasashen Sahel ake lodo su, amma kafin su iso bakin teku kuɗinsu ya fi ƙarfin ɗan cirani, sai muka haɗa kuɗi da ƴan ɗakinmu muka yanka guda. An soya, an ci, alhamdu lillahi. Sai dai ba wanda ya miƙe rago a kan itace ya jera shi bakin wuta tun hantsi har dare kamar yadda ake yi a Tawa, balle a jira rabon nama washegari.

Kuɗin goron Sallah na turo, na san sun iso. Akwai kuma wani ɗan akwatin katako da na yi wa Baba da hannuna, zan ba wani ɗan unguwarmu da zai taho bayan Sallah. Na tuna takardun gona da na haihuwarmu suna cikin leda a ƙarƙashin katifa, ga gara, ga ɓera.

Wani tsohon kafinta da ke kusa da rumfata a Ajame shi ya ara mini zarto da kurfi da guduma, ya bar ni in tsince guntayen katakon da suka rage masa. Na zaɓi iroko. Itacen kurmi ne mai nauyi, gara ba ta cika kusantarsa ba, ko da yake ƙurarsa na sa atishawa ba kaɗan ba. Tsawon akwatin santimita 30, faɗinsa 20, tsayinsa 12. Ba inji ko ɗaya da ya taɓa shi. Bayan la'asar nake zama in yi abin da ya samu kafin magariba.

Kusurwoyin ne suka ci lokaci. Ban buga ƙusa ba. Ana yanka haƙora a bakin kowane katako, su shiga cikin na ɗan'uwansa kamar mutum ya sarƙe yatsun hannuwansa biyu. Haƙoran kuma bakinsu ya fi gindinsu faɗi, saboda haka in sun shiga, ko an ja ba su fita. Sai ka zana layi da wuƙa, ka bi gefensa da zarto, ka cire tsakiya da kurfi kaɗan-kaɗan, rabi ta wannan fuska, rabi ta waccan, don kada katakon ya tsage. Tsohon ba ya yawan magana. In ya ga kurfin ya dakushe, sai dai ya turo mini dutsen wasawa da ƙafa. Murfin ma ba daban na yi shi ba: na haɗa akwatin a rufe ruf, sannan na zagaye shi da zarto na raba sama da ƙasa, shi ya sa bakinsu ya hau daidai.

Yanzu ga abin da nake roƙo, Baba. In kun girgiza akwatin lokacin hunturu za ku ji gindinsa na ɗan motsi. Kada a kai wa kowa ya buga masa ƙusa ko ya zuba gam, da gangan na bar shi haka. Katako yana shan danshin iska ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake yin haka, ba ta tsawonsa ba. Ruwan da ke sauka a Abijan cikin watan Yuni kaɗai yakan fi wanda Tawa ke samu shekara guda. Abin da aka haɗa cikin wannan danshi, in ya gamu da iskar Adar, dole ya ja jikinsa. Don haka na tsaga masa ƴar hanya a cikin bango huɗun, gindin ya zauna ciki sakayau. Da na ɗaure shi, da kafin bazara ya dare biyu. Kun sha ganin haka a ƙofofin da ake kawowa daga kudu.

Ban shafa masa fenti ba, don a ganina asara ce a rufe launin iroko, wanda ke ƙara duhu yana tsufa. Kakin zuma kawai na murza masa. In ya yi fari-fari, Inna ta sa a goga masa ɗan man kaɗe da tsumma, a kuma nisanta shi da rana da bakin murhu. Auta ya kai wa baduku ya shimfiɗa masa jar fata a ciki, aikin fata dai ba a gaya wa mutanen Tawa. Kwaɗo ku saya a can, na bar masa wurin rataya.

Ku ba ni labarin shuka, ko ruwan ya sauka a gonar tudu. Inna, a ajiye mini soyayyen nama cikin kitse, ko da zai kai wata nawa.

Ku ci gaba da sa mini albarka.

Naku,
ɗanku na Abijan