Barka da Sallah daga Jamus

Assalamu alaikum Baba, da Inna, da duk mutanen gida.

Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Ina nan ƙalau, murar da ta kama ni a goman ƙarshe ma ta sake ni, Inna ki kwantar da hankali.

Da safe da na kira, layi bai yi kyau ba, muryar Inna sai yankewa take. Amma kafin wayar ta katse na jiyo abu ɗaya sarai a bayanta: ƙarar bindiga daga nesa, sannan algaita ta ɗauka. Bai fi daƙiƙa huɗu ba. Tun lokacin nake yawo da shi a kunne, shi ne ma ya zaunar da ni rubuta wannan wasiƙa da dare.

Mun yi Idi a masallacin Turkawa, cikin gini, babu fili. Huɗuba da Turkanci, ban fahimci komai ba sai ayoyi. A bakin ƙofa wani dattijo ya zuba wa kowa turaren lemo a tafin hannu, aka raba alawa da wani abin zaƙi mai ɓawo-ɓawo da suke kira baklawa. Mutanen kirki ne, wallahi, har rungume ni suka yi. Jamusawa kuma sunan da suka sa wa ranar shi ne bikin sukari. Babu hutu a nan. Ƙarfe 10 ina cikin aji, da shaddar da Yaya ya ɗinka mini a ƙarƙashin rigar sanyi, hula ce kawai ake gani.

Na yi kewar waina da miyar taushe, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi damuna shi ne shirun. Garin nan, Hildesheim, in ban da ƙararrawar coci da ƙarar bas, ba ka jin komai. Ni kuwa tun ina ɗan shekara 9 ban san Sallar da ba ta fara mini da tambari tun daren jajibere ba. Da hantsi muna Ƙofar Mata, Sarki ya zo Idi a ƙasa, ya koma a kan doki, ina bayan Kawu mai algaita riƙe da jakar karansa. Kakaki ya tsaga iska da muryoyinsa biyu kacal, kuge na amsawa, ƙura ta tashi, dogarai ja da kore. Sai Kawu ya cika kumatu. Daga nan har mu kai Ƙofar Kudu sautin ba ya yankewa, yana busa taken hakimi, mutane a gefen hanya suna faɗin kalmomin da baki domin sun ji abin da algaita ke cewa. Gobe Hawan Daushe, jibi Nassarawa. Ina lissafa su a nan kamar mai bin bashi.

Da la'asar na kasa haƙuri. A ɗakina ba dama, domin sau ɗaya na gwada a farkon zuwana maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa, kuma da gaskiyarta, algaita ba kayan ɗaki ba ce. Sai na hau keke na fita bayan gari inda gonaki suke, na tsaya ni kaɗai na busa taken nan har sau uku. Wani tsoho mai yawo da kare ya tsaya ya saurara, da na gama ya tambaye ni yaushe nake yin numfashi.

Kawu, wannan tambayar ita ce ake yi mini kullum. Kun tuna ƙwaryar ruwa da tsinken kara a zaure? Kuka ce in yi ta hurawa, kada kumfa ta tsaya, in tara iska a kumatu in shaƙi sabuwa ta hanci. Wata nawa ina ƙwarewa da ruwa kafin abin ya zauna. To a nan akwai wata 'yar uwar algaita da ake kira obo, ita ma bakinta kara biyu ne a haɗe, sai dai jikinta cike da maɓallan ƙarfe, tamu kuwa huda huɗu ce da fata. Ita ce ke ba dukan ƙungiyar makaɗa sautin da za su daidaita kayansu a kai kafin a fara, sautin da aka tsayar a kan girgiza 440 a daƙiƙa ɗaya, ko sama da haka kaɗan a nan Jamus. Masu busa ta da yawa sai sun girma suke neman koyon wannan numfashi. Yanzu ɗalibai biyu daga garin Hannover nake koya wa, da kofi da tsinken shan lemo, yadda kuka koya mini sak. Su kuma suna gyara mini karatun rubutun kiɗa.

Rubutun nan na layi biyar yana da amfani ƙwarai, da shi nake iya zama da makaɗin da ba ma jin yaren juna mu yi aiki. Amma na gaya wa malamina cewa bai isa ya ɗauke take ba. Take magana ce, hawa da saukar muryar Hausa yake bi, wanda bai san kalmomin ba zai busa sautin daidai amma ba zai ce komai ba. Ya ce to wannan shi ne aikinka, rubuta shi. A kansa nake bincikena yanzu.

Baba, na san ba wannan hanya kuka so mini ba. Na tuna ranar da kuka ce gidanmu gidan kasuwa ne, rumfa na jirana a Kwari, kuma ba ku son a kira ɗanku maroƙi. Ban taɓa riƙe wannan a zuciya ba, domin na san abin da kuke gudar mini. Abin da na riƙe shi ne maganarku ta daren da takardar Jami'ar Maiduguri ta zo, da kuka ce in dai za ka yi, to ka yi shi da ilimi, kuma kada ka bar salla. A Maiduguri na ji yadda Barebari ke busa tasu algaitar a fadar Shehu, na gane abin ya fi Kano faɗi. Can kuma na tarar da haɗin gwiwar da aka ƙulla tun 2016 tsakanin jami'armu da ta Cape Coast a Gana da ta nan, ita ce ƙofar da na biyo. Cibiyar nazarin kiɗan duniya da nake aiki a ciki an buɗe ta a 2009, a wani tsohon coci, cike da kayan kiɗa dubbai daga ko'ina a duniya da faifai na da. Akwai ɗaukar kiɗan Borno da aka yi tun kafin a haife ni. In na sa abin ji a kunne sai in ji mutanen da suka riga mu gidan gaskiya suna busa kamar suna gabana. Kuma da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, malaman nan suka riƙa taya ni murna, ni kuwa Kawu nake tunani da leɓensa da ya yi kanta.

Batun abin kai wa baki, ana lallaɓawa. Doka ta ba ɗalibi baƙo kwana 140 na aiki a shekara, ina yin wasu a gidan burodi da asuba. Ina kuma zuwa makarantun firamare ina nuna wa yara kalangu, ana biyana. Mun haɗa ƙungiya mu uku, da wani ɗan Siriya mai kaɗa udu, wato molon Larabawa, da wata Bajamushiya mai babban goge, mun yi wasa sau huɗu. Ba kuɗi ne mai yawa ba, amma goron Sallar da na turo ta hannun Yaya daga ciki ya fito, kuma na so ku san haka.

A gaishe da Hajiya Kaka, a gaishe ta da kyau, a ce mata mijinta na Turai bai yi mata kishiya ba, kuma man zafin ƙafa yana hanya. In ta ce ba ta ji ba a maimaita mata a kunnen dama. Ina gaida Baffa da iyalansa, da Gwaggo, da mutanen Fagge baki ɗaya. Yaya da amarya, Allah ya sauke ta lafiya. Auta, an ce ka sauke izu 20, na ji daɗi har raina. Kekena naka ne, amma ka gyara birki kafin ka hau, kuma ka daina ɗaukar algaitata ta gida ba da izinin Kawu ba, in kana so ka je ka durƙusa ka roƙa a koya maka. Malam na makarantar allo, ina neman addu'a. Yaran rumfa, da mai shayin bakin layi, duk ina gaisuwa.

Inna, ke kam ban san ta inda zan fara ba. Yajin da kika ƙulla mini saura kaɗan a gwangwani, ina ɗiba da bakin cokali.

Yaya, roƙo ɗaya. Gobe a Hawan Daushe ka tsaya kusa da Kawu ka ɗaukar mini da waya tun daga fitowa, kada ka yanke ko da ya yi tsawo. In an sauka ya huta, ka ce ya faɗi kalmomin kowane take da baki, ka ɗauki wannan ma. Ku turo ko da tsakar dare ne, ina farke.

Wassalam, naku.