Zuwa ga aminina, kan sabuwar motarka mai lantarki

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Na ga saƙonka, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka ce kamfanin ba shi da wakili ko garejin gyara a inda kake, kuma abin yana damunka. Ka kwantar da hankali. Motar nan ba ta da man inji, ba fulogi, ba bel. Abin da ke kashe irinta guda uku ne: ƙaramin batir, wutar gida, da bakaniken da bai san ta ba amma ya ƙi cewa bai sani ba.

Ƙaramin batir mai bolt 12 shi ke tayar da kwamfutocin motar, shi kuma ke haɗa babban batir da sauran jikinta. In ya mutu, ko babban yana cike, motar ba za ta motsa ba, wani lokaci ƙofa ma ba za ta buɗu ba. Mai ruwan dalma yakan yi shekara 3 zuwa 4, zafi kuma yana rage masa kwana. Ka sauya shi tun bai nuna gajiya ba, ka kuma koyi yadda ake buɗe gaban motar idan wuta ta ɗauke mata. Yana cikin littafinta.

Sai caji. Duba bakin cajarka: na Turai CCS2 ne, na Amurka CCS1 ko NACS, na Sin GB/T, kuma ba sa shiga juna sai da mahaɗi. Kada ka sayi mai araha, yana zafi ya narke. A gida ka ja mata layinta ita kaɗai daga akwatin fis. Amfiya 32 a kan bolt 230 yana ba da kusan kilowat 7, kuma yana son waya mai kaurin sikwaya milimita 6 (6mm²), ko 10 in da nisa. A sa mata abin katse wuta idan ta zube, da abin kare ta daga wutar da ke zuwa da ƙarfi, domin cajar da ke cikin motar tana da tsada da wuyar samu. Wayar ƙasa dole ce: caja tana gwada ta kafin ta saki wuta, shi ya sa take ƙin janareta da yawa har sai mai aikin lantarki ya haɗa wa janaretan ƙasa yadda ya kamata. Caji na kullum ka tsaya a kashi 80. In babban batirin irin LFP ne, wato lithium mai ƙarfe da fosfet, a cika shi 100 sau ɗaya a mako. In za ka yi doguwar tafiya ka bar ta, bar ta a kusan 50, a inuwa.

Yanzu maganar bakanike. Duk wayar da ka gani mai launin ruwan goro tana ɗauke da bolt 400, a wasu motocin 800. Wanda ba shi da horo da safar hannu mai jure bolt 1,000 kada ya taɓa ta, ko da ɗan'uwanka ne. Na'urar sanyaya motar ma ba ta kowa ba ce, don ita ke sanyaya babban batir. Kwamfresarta da lantarki take aiki, man da ke cikinta na musamman ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. In aka zuba mata na sauran motoci, wuta ta fara zuba, motar za ta iya kulle kanta. Sunan gas ɗin, R134a ko R1234yf, yana rubuce a takardar da ke manne a gabanta. Haka ruwan sanyaya batir, ban da ruwan famfo.

Wurin faci ka tsaya a kansu. Batir ne shimfiɗe a ƙarƙashinta, jak kuwa in ya kauce wa wurarensa huɗu, ya lotsa shi. Kada a ja ta da igiya tayoyi na juyawa, a ɗora ta a kan babbar mota. Taya ka nemi mai alamar XL ko HL saboda nauyi, a sauya musu wuri duk kilomita 10,000. Birki ba ya cinyewa da wuri, don galibi injin lantarkin ne ke rage mata gudu, tsatsa ce ke kama shi saboda rashin aiki, don haka ka riƙa taka shi sosai lokaci-lokaci, a gwada man birkin duk shekara 2.

Kayan gyara da lambar shasi mai harafi 17 ake odarsu, ba da sunan mota ba. Ka ajiye matatar iska, takalmin birki da fis a gida. Layin waya da ke cikinta mai yiwuwa ba zai kama ba a wajen ƙasar da aka sayar da ita, sai ka haɗa ta da intanet ɗin gida don sabunta manhaja. Kuma in ta hannu ce, ka tabbata tsohon mai ita ya mayar da rajistarta a manhajar kamfanin zuwa sunanka, in ba haka ba yana iya ganin inda take, har ya buɗe ta daga wayarsa.

Aiko mini da hoton takardar da ke jikin ƙofar direba da na bakin cajar, sai in gaya maka mahaɗin da zai dace. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Wassalam,
Amininka