Koke daga iyayen yara da ƙananan 'yan kasuwa kan haraji da makarantar unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, ta hannun Baba Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ne dai iyayen yara da masu ɗan neman abinci a bakin titi, masu shayi da masu kayan gwari da ke sarowa daga Farar Gada, da teloli da 'yan keke, muka zauna bayan sallar isha'i har sau uku kafin muka yarda a rubuta wannan takarda, don wasu cewa suke ɓata biro ne kawai.

Yallaɓai mu fa ba mu ƙi biyan haraji ba, kullum ta Allah muna biya. Akwai mai shayi a cikinmu da ya zo taron da baƙar leda cike da rasit, ya zazzage a kan tabarma, wani fari wani kore wani ruwan hoda, na shago daban na shara daban na allon talla daban, wani ma ko hatimi babu sai sa hannu kamar tafiyar tsutsa, kuma duk wanda ya zo da riga mai ƙyalli sai ya ce shi ne na gwamnati, in ka yi gardama a ɗauke maka benci ko tukunya, to mu wa za mu tambaya? Tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 da yawanmu a titi muke kasa kaya, kullum cikin kora da tara, amma tikiti bai taɓa fashi ba.

Abin da ke ci mana rai shi ne in ka baro wurin sana'a ka leƙa firamaren da 'ya'yanmu ke zuwa. Kwanon ajin 'yan aji uku iska ta yaye rabinsa tun damina biyu da suka wuce, ruwan Agusta in ya sauko sai malama ta tattara yara a lungu ɗaya kamar kaji, littattafai a cikin riga, karatun ranar ya ƙare ke nan. Ga sanyin Disamba, kuma kowa ya san sanyin Jos ba wasa ba ne, tagogi babu ko ɗaya, yara na zaune a kan buhun da suka zo da shi daga gida. Alli ma malamai ke saye da kuɗinsu, Allah ya saka musu. Mu kuma duk zango sai an ce a kawo na gyaran banɗaki, a kawo na jarrabawa, alhali dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma dole, shekara tara, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare.

Akwai wani tsohon hedimasta a cikinmu, shi ya buɗe mana ido. Ya ce gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin ɗari na asusunta ga UBEC, wato hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, amma jiha ba ta iya taɓa kasonta sai ta ajiye nata daidai da shi, sannan SUBEB, wato hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, ta yi aikin gini da kujeru. Ya kuma ce kasafin kuɗin da aka karanta a gaban Majalisar Dokokin Filato a ƙarshen shekara daban, abin da aka saki a hannu daban, wai takarda ba ta ƙin tawada. Shi ya sa in an faɗi biliyoyin ilimi a rediyo mu dai kallon juna muke yi. Kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ana ta cewa kason jihohi daga Abuja ya ƙaru, mu mun ga ƙarin a kuɗin mota da mudun masara, muna so mu gan shi a aji ma. Ga hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce kuɗin ƙananan hukumomi ya riƙa shiga hannunsu kai tsaye, shi ya ƙara mana ƙarfin gwiwar zuwa wurinka.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, ka shige mana gaba a sa gyaran makarantar nan a kasafin kuɗin baɗi da sunanta da adadin kuɗin a rubuce, ba a dunƙule cikin "gyaran makarantu" ba, a kuma sanar da mu ko jiha ta ajiye kasonta na UBEC na bana. Batun haraji kuma a buga mana jerin wanda doka ta yarda, na jiha da na ƙaramar hukuma, da Hausa da Turanci, a manna a ƙofar masallaci da coci da bakin kasuwa, mai karɓa ya zo da katin shaida. In da hali a kira mu zaman jin ra'ayi kafin a kai kasafin majalisa, wallahi za mu rufe shaguna mu zo.

Ledar rasit ɗin tana wurin Baba Mai Unguwa tare da hotunan ajin, duk ranar da ka sa mana za mu kawo ofis. Sa hannu da dangwalen yatsa na biye a shafi na gaba.

Mu ne naka, iyaye da 'yan kasuwar unguwa.