John Adams: A Faɗi na Kotu, A Kuma Faɗi na Fadar Mulki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan maƙalar da kuka buga a shafin tarihi game da John Adams, lauyan nan na Massachusetts da ya zama shugaban Amurka na biyu. Marubucin ya kyauta da ya tuna mana cewa ɗan manomi ne da aka haifa a Braintree a 1735, ya gama Harvard a 1755, ya koyar a makaranta kafin ya koma karatun lauya. Sai dai ya yabi shari'ar da Adams ya yi a 1770 cikin layi biyu ba tare da ya nuna yadda ta gudana ba, sannan ya tsallake 1798 gaba ɗaya, alhali ita ce shekarar da ta fi shafar ku 'yan jarida.

A daren 5 ga Maris 1770 wasu matasa suka yi wa wani sojan Ingila da ke gadin ofishin kwastan na Boston, birnin da a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Ingila, taron dangi, suna jifansa da curin ƙanƙara. Kyaftin Thomas Preston ya kawo masa ɗauki da 'yan sojoji, jama'a suka ƙaru, aka shiga ture-ture da sanduna, sojojin suka buɗe wuta, mutum biyar suka rasa rayukansu. Gari ya ɗauki zafi, musamman da Paul Revere ya buga wani zane da ke nuna sojojin a jere suna harbin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. A wannan yanayi Adams ya karɓi aikin kare Preston da sojoji takwas, duk da cewa shi kansa yana adawa da harajin da Landan ke ɗora musu, kuma ɗan'uwansa Samuel Adams na cikin masu rura wutar.

Bai ci nasara da roƙon tausayi ba. Shaidun masu ƙara sun saɓa wa juna kan ko Preston ya ba da umarnin harbi, don haka aka sallame shi. A shari'ar sojojin kuwa, likitan da ya yi jinyar Patrick Carr, ɗaya daga cikin waɗanda aka harba, ya shaida cewa Carr ya faɗa masa kafin ya cika cewa an tsokani sojojin matuƙa, kuma bai riƙe wanda ya harbe shi a zuciya ba. Aka wanke shida, aka sami biyu da laifin kisan da ba na ganganci ba, aka yi musu lalas a babban yatsan hannu maimakon rataya. Akwai kuma abin da masu yabo ba su cika ambata ba: don ya kuɓutar da waɗanda yake karewa, Adams ya siffanta taron da tarkacen yara marasa kunya da baƙaƙen fata da 'yan Ireland da ma'aikatan jirgin ruwa, ya kuma jibga mafi yawan laifin a kan Crispus Attucks, wanda ke da jinin Afirka kuma yana cikin mamatan. Dabarar ta yi aiki, amma ba ta da kyan ji.

Abin da ya biyo baya sananne ne: yana cikin mutum biyar da aka ɗora wa tsara takardar shelar 'yancin Amurka a 1776, shi ya rubuta yawancin tsarin mulkin Massachusetts na 1780, ya sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya da Birtaniya a 1783, ya yi wa George Washington mataimaki shekara takwas, ya hau mulki a 1797.

To, a Yulin 1798, lokacin da ake zaman doya da manja da Faransa har jiragen ruwansu na kai wa juna hari, wannan lauya ya sa hannu a dokar da ta tanadi tarar da za ta iya kai dala 2,000 da ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ga duk wanda ya buga rubutun ƙarya ko na ɓatanci a kan gwamnati, ko majalisa, ko shugaban ƙasa. Ba a sa mataimakin shugaban ƙasa cikin waɗanda dokar ta kare ba, kuma mataimakin a lokacin shi ne Thomas Jefferson, jagoran 'yan adawa, wanda hakan kaɗai ya isa ya nuna inda aka dosa. Matthew Lyon, ɗan majalisa daga Vermont, ya sha ɗaurin wata huɗu da tarar dala 1,000 saboda sukar Adams, mutanensa kuma suka sake zaɓensa yana cikin kurkuku. Cikin marubutan da aka ɗaure, Thomas Cooper ya yi wata shida, James Callender ya yi tara. Masu kare Adams kan ce ba shi ya nemi dokar ba, 'yan jam'iyyarsa ne a majalisa, kuma dokar ta yarda wanda ake tuhuma ya kare kansa idan ya tabbatar da gaskiyar abin da ya rubuta. Haka ne, amma yana da ikon ƙin sa hannu bai yi amfani da shi ba, kuma ban ga yadda mutum zai tabbatar da gaskiyar ra'ayinsa a gaban alƙalin da ke ɓangaren gwamnati ba.

Ban kawo wannan don in shafe alherinsa ba. Bai taɓa mallakar bawa ba, ya bijire wa 'yan jam'iyyarsa masu son yaƙi ya sulhunta da Faransa a 1800, kuma da ya sha kaye a zaɓen wannan shekara ya bar mulki, ko da yake ya fice daga Washington da asuba don kada ya halarci rantsar da Jefferson. Wa'adin dokar ya ƙare a ranar 3 ga Maris 1801, ranarsa ta ƙarshe a ofis, Jefferson kuma ya yafe wa waɗanda hukuncinta ke kansu har zuwa lokacin. Ina roƙon ku sake waiwayar wannan babi a shafin tarihi, ku kawo mana bayanin shari'o'in Lyon da Cooper dalla-dalla.

Wassalam.

Naku mai karatu, daga Zariya.