A riƙa leƙa ɗaliban SIWES a wuraren horo

Malam Edita,

Shirin SIWES, wato tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu da ma'aikatu a ƙarƙashin hukumar horas da ma'aikata ta ITF, yana ba ɗalibin jami'a wata shida, na kwalejin fasaha wata huɗu, ya taɓa aiki da hannunsa. Sai dai ɗalibin injiniyan lantarki kan ƙare a ofis yana ɗaukar fayil, don sai a makon ƙarshe kafin a fara horon yake fita neman gurbi. Littafin rahoton da ya kamata a cike kullum, mai kula ya sa hannu duk mako, dare ɗaya ake zama a cike shi.

A aika takardar neman gurbi tun saura wata uku. Malamai kuma su riƙa kai ziyarar ba-zata, su miƙa wa ɗalibi mita ya auna wuta a gabansu.

Naku,
Wani mai karatu, Kaduna