Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni kan gine-ginen Basalona

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

A taron masu zane ka miƙe ka tambaye ni a gaban jama'a: wannan salon gini na Basalona da ake kira Modernisme, ba kwaikwayon Paris da Brussels ba ne kawai? Me ya haɗa shi da kishin Kataloniya, yankin nan na Sifaniya da Basalona ke babban birninsa? Ranar lokaci ya ƙure mana, shi ya sa na rubuto.

Ban musa ba, yayin ya game Turai a ƙarshen ƙarni na 19. Amma ka duba su wa suka riƙe shi a Basalona. Tun 1716 gwamnatin Sifaniya da ke Madrid ta rushe majalisun Kataloniya, ta kori harshensu daga harkokin mulki. Wannan miki ne maginan suka taso da shi.

Mai tsara gine-gine Lluís Domènech i Montaner tun 1878 ya rubuta maƙala yana neman salon gini da zai zama na ƙasarsu. Shi ne kuma ya shugabanci taron garin Manresa na 1892, inda aka tsara buƙatar cin gashin kai. Tsakanin 1905 da 1908 ya gina zauren kiɗa na Palau de la Música Catalana don Orfeó Català, ƙungiyar da ke raya waƙoƙin gargajiya da harshen Katalan. In ka tsaya a kusurwar ginin ka ɗaga kai, za ka ga sassaƙen wata budurwa, wato waƙar gargajiya, talakawa kewaye da ita, a samanta kuma Sant Jordi, waliyyin yankin, riƙe da takobi da tuta. Wannan ba daga Paris ya zo ba.

Abokin sana'arsa Josep Puig i Cadafalch har shugabancin hukumar larduna huɗu na Kataloniya ya riƙe daga 1917. Ginshiƙai huɗun da ya kafa a Montjuïc, wani tudu a Basalona, alamar jajayen layuka huɗu na tutarsu, gwamnatin Primo de Rivera, shugaban mulkin soja na Sifaniya, ta rusa su a 1928. Shahararren mai tsara gine-gine Gaudí kuwa, yana ɗan shekara 72, 'yan sanda sun tsare shi a 1924 don ya ƙi amsa musu sai da Katalanci.

Abin da ke damuna dabam ne. Kuɗin wannan ƙawa mafi yawa daga attajirai masu masaƙu irin su Eusebi Güell ya fito, alhali ma'aikatan masaƙun na fama da ƙaramin albashi. Kishin na gaskiya ne, amma a gidajen masu hali aka fi kafa shi.

Na gode da tambayarka. Wassalam.