Amsa ga Alhajin da ya ce "Da mahaifinka ne fa?"

Assalamu alaikum, Alhaji.

A taron ƙungiyar ci gaban garinmu, gaban dattawa, ka karɓi lasifika ka ce ina hana masu kansar furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) zuwa hoton CT da hoton ƙashi don na ga talakawa ne, kuma ina ƙyuyar rubuta musu takardar hoto. Ka rufe da tambaya: "Likita, da mahaifinka ne, za ka hana shi?" Na yi shiru a wurin saboda girmanka, amma magana ta zaga gari, dole in amsa inda kowa zai gani.

E, Alhaji. Da mahaifina ne, sakamakonsa kuma irin nasu, abin da zan gaya masa ke nan. Sahu ɗaya kuke sallah da shi, ka san tarbiyyar da ya ba ni, shi ya sa sako shi cikin zancen ya fi komai yi mini ciwo.

Kansar nan ba iri ɗaya ba ce. Idan awon jini na PSA bai kai 10 ba, naman da aka tsakuro aka duba a Kano ya nuna makin Gleason 6 (ma'aunin tsananin kansar, 6 kuwa mai sauƙi ne), ƙullin kuma bai fita daga mazauninsa ba, ita ce mai ƙaramin haɗari, da wuya ƙwarai a ce ta kai ƙashi. Hoton ƙashi kuwa wadda ta bazu yake nema, kuma manyan asibitoci ƙalilan ke yin sa, irin na Abuja da Ibadan. Ka dubi dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa sunkuye da fartanya: bayansa da gwiwoyinsa duk amosanin gaɓɓai, ga tsohuwar karaya. Na'ura za ta hasko waɗannan tabban, a shiga kokwanto, a ce a sake wani hoton. Kafin a gane ba komai ba ne, ya kai bijiminsa Maigatari ranar Alhamis, riɗin bana ya tafi, iyalinsa sun daina barci. Wannan ne tausayin talaka?

Ba ni na ƙirƙiro ba. A 2012 ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka ta ce a daina waɗannan hotuna ga masu ƙaramin haɗari, a 2013 ta likitocin mafitsara ta faɗi haka kan hoton ƙashi. Suwidin ta rage yin su ga irin waɗannan maza daga kashi 45 cikin ɗari zuwa 3 tsakanin 1998 da 2009, kuma ba rashin kuɗi ya sa su ba. A Birtaniya an bi maza 1,643 da cutarsu ba ta bazu ba. Bayan shekara 15, kusan 3 cikin ɗari ne ta kashe, da waɗanda aka yi wa tiyata, da waɗanda aka gasa musu kansar da na'ura, da waɗanda aka sa wa ido, duk kusan ɗaya. Sa idon nan nake yi: awon PSA duk wata shida, hoton MRI na furostet ɗin kansa idan da buƙata. Ranar da awo ya haura 20, ko ciwon ƙashi ya ɓullo, a ranar nake rubuta takardar hoto.

Batun ƙyuyar rubuta takarda, marasa lafiyata su ne shaida. Ka san ƙofar gidanmu, Alhaji. Da amsa kake so, da yaro ka aiko. Ka zaɓi lasifika a daidai lokacin da ake zancen takararka, kuma bai dace a nemi jama'a da tsoron marasa lafiya ba.

Masu ƙaramin haɗarin nan ma 'yan kaɗan ne a wurinmu. Yawanci a amalanke ake kawo su, ƙafafu sun mutu, fitsari ya tsaya sai an sa roba, bayan an daɗe ana jiƙa sassaƙe ana cewa basir ne ko sanyi, kunya ta hana su faɗa wa 'ya'yansu. Su ne ke buƙatar hoto da gaggawa, su ne kuma ba su da kuɗin motar Kano. Ba wanda ya tashi a taron ya tambaya dominsu. Idan ƙungiya na da asusu, a ware musu kuɗin mota, a biya wa maza masu shekara 50 zuwa sama awon PSA, ni kuma zan zauna da kowannensu in yi masa bayanin sakamakonsa ba tare da ko sisi ba.

Wassalam,
ɗanka, likita a ƙasar Gumel.